Wa Ya Koya Maka? Makullin Babur da Shekara 18 a Falgore

A Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo, ba Falgoren dajin nan na hanyar Jos ba, akwai wani malamin firamare da ya shekara uku yana miƙa wa ɗansa makullin babur, bai taɓa ɗaukar haka a matsayin wani hukunci da ya yanke ba. A wurinsa aike ne kawai. Yaron yana da shekara 13 aka fara cewa ya kai wa 'yan ƙwadago abinci gona. Daga nan sai ɗauko taki, sai kai niƙa, sai kai mahaifiyarsa awo. Ƙafarsa ba ta gama kai ƙasa ba a lokacin, sai ya jingina babur ɗin da tudu kafin ya sauka. Mutanen unguwa suna yaba masa, suna cewa yaron nan akwai hannu.

Da kakar bara, yana ɗan shekara 16, ya ɗauko ƙanwarsa da rabin buhun masara daga gona. A wata kwana da yashi ya taru, akuya ta gitta. Ya danne burkin baya iya ƙarfinsa, tayar ta zame, babur ya kwanta. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Yarinyar ta karye a hannu, kanta kuma ya tsallake wani dutse da abin da bai wuce taƙi ɗaya ba. Mahaifinsu ya je wurin washegari, ya tsaya ya daɗe yana kallon dutsen.

Da dare, bayan an dawo daga wajen ɗori, ya kira yaron zaure. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi masa.

"Wa ya koya maka tuƙi?"

Yaron ya yi shiru, kamar yana neman amsar da ba za ta jawo wa wani laifi ba. Can ya ce, "Ba kowa, Baba. Gani na yi ana yi."

Malamin ya shekara sama da 20 yana koyar da yara. Ya san ba a barin yaro ya koyi raba dogon lissafi da kallo. Amma ya bar ɗansa ya koyi sarrafa ƙarfen da ya fi shi nauyi ninki biyu, mai iya gudun kilomita 80 a sa'a, da kallo kawai. Kuma a cikin makon ne yaron ya so ya roƙe shi izinin fara ɗaukar fasinja ranar kasuwa, kamar yadda abokansa biyu suke yi, don ya tara kuɗin jarrabawar kammala sakandare.

Abin da doka ta tanada

A rubuce, lamarin ba shi da rikitarwa. Dokokin hanya na Najeriya sun ce sai mutum ya cika shekara 18 zai mallaki lasisin tuƙi, kuma babur ma yana cikin lissafin, domin shi ne rukunin A a jerin rukunan lasisi, ƙaramar mota kuma rukunin B. Mai son tuƙa motar haya ko babbar mota sharuɗɗansa sun fi haka tsauri. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ke kula da tsarin ƙarƙashin dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012.

Matakan ma a jere suke. Sabon mai nema zai yi rajista a makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, ya kammala darussa 26, makarantar ta ba shi shaida. Lokacin koyo yana riƙe da takardar izinin koyo, da jan harafin L a jikin mota, da gwani a gefensa. Daga nan jami'an duba ababen hawa, waɗanda kowa ya sani da VIO, su gwada shi. Idan ya ci, ya biya kuɗi ta hukumar tattara haraji ta jiha, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a haɗa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, a ba shi na wucin gadi kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko 5.

Tsari ne mai ma'ana ga ɗan Nasarawa ko Zoo Road da ke jiran mahaifinsa ya ba shi aron mota. Ga ɗan Falgore kuwa, kusan kowane mataki yana wata duniya. Makarantun da aka amince da su sun fi taruwa a birnin Kano da manyan garuruwa, kuma abin da suke koyarwa mota ce. Zuwa birni daga ƙasar Rogo da dawowa yana cinye yini, ga kuɗin mota da ya ninka tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wanda zai yi darussa 26 sai dai ya tare a gidan wani ɗan'uwa na makonni. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 200,000, wadda amfanin gonarta da marasa lafiyarta da amarenta duk kan babur suke tafiya, doka ba ta da wata magana da yaranta sai kalma ɗaya: a jira 18. Tsakanin 12 da 18, shekarun da a zahiri ake koyon tuƙi a karkara, ba malami, ba manhaja, ba gwaji.

Gwamnati ta taɓa kusantar babur, amma da sanda ta zo. A ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa hular kwano, har kafofin labarai na duniya suka ɗauko labarin 'yan acaɓan Kano da suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. A Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano, A Daidaita Sahu ta maye gurbi, jami'an KAROTA suka cika tituna. Duk wannan labarin birni ne. A hanyoyin da suka haɗa Rogo da Ƙaraye, da waɗanda suka tsallaka zuwa Makarfi a jihar Kaduna, acaɓa ta ci gaba da zama motar kowa, kuma sau da yawa yaro ne a kan totur.

Makarantar da ba ta da allo

Malamin yana da wa, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya zaunar a gida. Da ya kai masa maganar, dattijon bai fara da doka ba. Labarin kansa ya ba shi, wanda ƙanen ya sha ji amma bai taɓa sauraro da wannan kunnen ba.

Ya shiga tasha yana ɗan shekara 15, a matsayin karen mota. Shekararsa ta farko bai taɓa sitiyari ba. Wanke mota, ɗaura kaya, sa waigi a bayan taya idan an tsaya a gangare, duba ruwa da baƙin mai tun kafin asuba. A shekara ta biyu maigidansa ya fara barin sa ya tayar da mota ta yi zafi. A ta uku ya fara matsar da ita cikin tasha, gaba da baya, maigida na tsaye yana kallo. Sai daga baya aka fara ba shi a miƙaƙƙiyar hanya, da rana, ba kaya, maigida na zaune a gefe bai rintsa ba. Tuƙin dare ya zo a ƙarshe. Kafin a kai shi gaban VIO, ya yi shekara biyar yana kallon hanya ta kafaɗar wanda ya san ta.

"Ka ga, Malam," in ji shi, "mu ba a ba mu mota don mun iya juya sitiyari ba. Juya sitiyari ai biri ma zai iya. Sai da aka ga mun fara jin tsoron hanya."

Wannan tarbiyya ta tasha tana da nata aibun: duka, zagi, kwana a ƙarƙashin mota, barin makaranta, wani lokaci da koyon shaye-shaye. Ba abin da za a yi wa kirari ba ne a rufe ido. Amma tana da abu ɗaya da ya tsaya a kan gaskiya, wato a ba yaro iko kaɗan-kaɗan, mai sauƙi kafin mai wuya, kuma kada a ɗauke ido daga kansa. Babbar mota dukiya ce mai yawa, ba mai miƙa ta ga wanda bai gwada ba. Da babura masu araha na ƙasar Sin da na Indiya, irin su Jincheng da Bajaj Boxer, suka cika kasuwa daga farkon shekarun 2000, sai wannan shingen ya faɗi. Babur ba ya buƙatar yaron mota. Yini ɗaya ya isa a koyi sa giya da sakin kuloci, kuma daga ranar kowa zai ce yaro ya iya.

Abin da wasu ƙasashe suka gano bayan asara

Abin mamaki shi ne, ƙasashen da suka fi kowa kashe kuɗi a binciken haɗarin matasa sun dawo kusa da abin da tsohon direban ya bayyana.

Amurka ta daɗe tana koyar da tuƙi a makarantun sakandare, da yaƙinin cewa darasin aji zai rage haɗari. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka yi wani babban gwaji a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya, aka kwatanta dubban ɗaliban da suka sami horo da waɗanda ba su samu ba. Bambancin da aka gani a yawan haɗari ƙarami ne, bai kuma daɗe ba. Darasi yana sa yaro ya ci jarrabawa da wuri, ya hau titi da wuri, amma ba ya ba shi abin da sai daɗewa a hanya ke bayarwa.

Daga nan tunani ya koma ga lasisi mai hawa-hawa. Ƙasar New Zealand ce ta fara shi cikakke a 1987, lardin Ontariyo na Kanada ya bi a 1994, jihar Filorida ta buɗe wa sauran jihohin Amurka hanya a 1996. Matakai uku ne: lokacin koyo da babba a gefe, sai lokacin tuƙi shi kaɗai amma ba da dare ba kuma ba da tarin abokai a mota ba, sannan cikakken lasisi. Suwidin ta bi ta wata ƙofar a 1993, ta sauko da shekarun fara koyo zuwa 16 amma ta bar lasisi a 18, don yaro ya sami shekara biyu yana tuƙi da babba a gefensa, kuma haɗarin waɗanda suka yi amfani da damar ya ragu. Jamus tana barin ɗan shekara 17 ya tuƙa idan da rakiyar babba mai lasisi. Faransa tana fara irin wannan rakiya tun daga 15. Ingila tana ba da lasisin mota a 17, ƙaramin babur a 16, amma sai an yi horon dole na yini guda kafin a hau titi.

Shekarun sun bambanta, amma abubuwa biyu ba sa canzawa. Na farko, watannin farko na tuƙi ba tare da mai sa ido ba su ne mafi haɗari a rayuwar direba, ko shekararsa nawa. Na biyu, ƙuruciya kanta tana ƙara nata kason. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako yana danne zumuɗi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Matashi ya san gudu yana kisa. Abin da ke ba shi wuya shi ne tuna haka a daidai lokacin da abokinsa ke bayansa yana cewa a ja mata. Shi ya sa dokokin can suka ƙayyade yawan matasan da sabon direba zai ɗauka. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin babura ranar ɗaukar amarya, da yadda samari ke tsere suna sakin hannu, ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba balaga da rushdi. Yaro yana iya balaga, salla da azumi su hau kansa, amma ba a miƙa masa dukiyarsa sai an jarraba shi an ga hankalin riƙe ta. Kuma idan aka yi kisan kuskure, diyya ba kan mai laifin kaɗai take sauka ba, tana taɓa danginsa. Uban da ya miƙa makulli yana cikin lissafin tun kafin hukuma ta zo.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna girman abin: kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. A ƙauye wannan lissafi yana da ƙarin nauyi, domin wanda ya bugu a ka a hanyar gona yana da nisan tafiya kafin ya isa inda za a iya duba ƙwaƙwalwarsa.

Abin da kallo ba ya koyarwa

Da dattijon ya zaunar da ɗan ƙanen nasa, sai aka ga iyakar abin da ido ke ɗauka. Yaron ya iya tayarwa, ya iya canza giya ba ƙara, ya iya ratsa kududdufi da buhu biyu. Amma bai taɓa amfani da burkin gaba ba, domin abokansa sun gaya masa yana kifar da mutum. Gaskiyar ita ce mafi yawan ƙarfin tsayawar babur a tayar gaba yake, saboda nauyi can yake komawa idan an taka burki. Abin da ake koyo shi ne matsa shi a hankali tare da na baya, babur na miƙe, tun kafin a shiga kwana. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da ya firgita zai kulle tayar, kamar yadda ya faru a kwanar yashi.

Bai san cewa mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa ba, wato kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta motsa, ya riga ya wuce mita 20 ko fiye bai fara tsayawa ba. Bai san cewa idan gudu ya ninka biyu, tazarar burki ninki huɗu take yi ba, kuma a kan burji ko yashi ta fi haka. Bai san fasinja da buhu suna sauya yadda babur ke karkata ba. Bai san direban babbar mota ba ya ganin abin da ya maƙale a gefen damansa ba, sai da Baffan nasa ya kai shi wajen wata motar rake, ya hau da shi kujerar direba, ya sa aka tsayar da babur a gefe, ya ce masa ya nemo shi a madubi. Yaron ya duba, ya sake dubawa.

"Baffa, ba na ganin sa."

"To nan kake tsayawa kullum," in ji dattijon.

Sharuɗɗan zaure

Malamin ya auna hanyoyin da ke gabansa. Zai iya yin abin da wasu ke yi, a ƙara wa yaro shekara biyu a takardar rantsuwa ta kotu, a ba wani ɗan kamasho kuɗi ya kawo lasisi ba tare da an ga ko ƙofar makaranta ba. Wannan kati zai iya raba yaron da jami'i a shingen hanya, amma ba abin da zai yi masa a kwanar yashi. Zai iya kuma kulle babur ɗin ya ce sai 18, alhali ya san yaron zai ari na aboki a bayan idonsa, inda ba mai ce masa rage.

Abin da suka tsayar shi da wansa ya faɗa tsakiya. Babu titin mota, babu kasuwa, babu fasinja na kuɗi ko na gida, babu dare, babu ayarin biki, har sai ya cika 18 ya sami lasisi ta hanyarsa. Koyo kuwa za a yi shi da gaske, a filin ƙwallon makaranta bayan la'asar, Baffa na tsaye: tsayawa a kan layi, zagaye duwatsu a hankali, burkin gaggawa sau goma-goma. Malamin ya sayo hular kwano biyu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wadda aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Ta farko kansa ya fara kifa wa, da yake shi ma shekara 20 yana hawa da hular zanna, kuma a ranar ne ya faɗa wa wansa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa shi ma ba shi da lasisi.

Hukuncin yana da tsada, kuma gidan ne ke biya. Kai abinci gona ya koma kan keke. Niƙa sai Malam ya taso daga makaranta. Kuɗin jarrabawar da yaron ya so ya nema da kansa, an sayar da buhun masara biyu an biya. Mahaifiyar yaron, wadda ta fi kowa kuka ranar karayar, ita ce kuma ta fara ƙorafi da aike ya fara taruwa. "Malam, yaran mutane duk suna hawa," ta ce. Bai musa mata ba, don gaskiya ta faɗa. Ɗaya daga abokan yaron ya sayi waya da kuɗin acaɓa, yana wucewa ta ƙofar gidan da fasinja biyu yana danna oda.

Nan ne iyakar abin da uba ɗaya zai iya. Sauran aikin na waɗanda ke da iko ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka kafin a fara. Kowace tasha a Rogo da Ƙaraye tana da tsofaffin direbobi irin wannan dattijon, da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW, da shugabannin 'yan acaɓa da suka san kowane yaro da sunan ubansa. Kowace makarantar sakandare tana da fili. Hukumar FRSC tana da tsarin kulab ɗin kiyaye haɗurra a makarantu da masu yi wa ƙasa hidima ke taimakawa a kai. Idan aka haɗa waɗannan, aka kawo gwajin VIO da ɗaukar hoto hedikwatar ƙaramar hukuma ko da sau ɗaya a wata uku, lasisin rukunin A zai zama abin da ɗan ƙauye zai iya samu da gaskiya. Muddin hanya mafi sauƙi ta samun lasisi ita ce ta ɗan kamasho, shekara 18 za ta ci gaba da zama lambar da ake rubutawa a fom.

Hannun yarinyar ya warke, sai ɗan kaucewa da ba a gani sai an lura. Har yanzu ba ta yarda ta hau bayan yayanta ba, ko a filin makaranta, kuma ba wanda ya matsa mata. Shi kuwa saura masa damina biyu. Malamin ya ware wata kunya a gonar rake, ya ce kuɗinta na lasisi ne, nasa da na ɗansa, kuma rana ɗaya za su je gaban VIO. Wansa ya yi dariya ya ce yana tsoron yaron ya ci, uban ya faɗi.